A Daina Yi Wa Yara Ɗura Da Sunan Horo A Gidajen Raino

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan rigimar da ake yi da yara ƙanana a gidajen raino duk lokacin da aka zo cin abinci. Iyaye suna kukan yaro ba ya ci. Masu raino kuma suna kukan an ɗora musu dokar cewa lallai kwano ya koma gida babu komai a ciki, in ba haka ba a ce ba su kula da yaron ba. A tsakanin waɗannan koke-koke biyu ne ake matse ɗan shekara biyu a cinya, a riƙe hannuwansa, a cusa masa cokali yana kuka.

Matsayinmu shi ne horo wajen cin abinci wajibi ne, sai dai ana ɗora shi inda bai dace ba. Lokacin ci, wurin zama, abin da za a zuba da ladabin zama, duk hurumin babba ne, kuma kada ya sassauta a kansu. Ko yaro zai ci, da yawan lomar da zai yi, wannan hurumin yaron ne. Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ita ce ta fayyace wannan rabon aiki tun shekarun 1980. Kusan duk rigimar da ake yi a kan kwano tana tasowa ne idan ɗaya ya shiga gonar ɗaya: ko dai babba ya ce shi zai ƙayyade cikin yaro, ko kuma yaro ya zama shi ke yanke abin da za a dafa da lokacin da za a ci.

Da farko a san dalilin da ya sa cin yaro ke raguwa. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku kafin ya cika shekara. A shekara ta biyu abin da yake ƙarawa bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, daga nan kuma kusan kilo 2 a shekara har ya kai biyar. Jikin da girmansa ya lafa ba zai nemi abinci kamar da ba. Uwa ta saba ganin bakin da ke buɗewa da kansa, sai ta wayi gari da wanda ke kawar da kai, ta ɗauka ciwo ne ko sangarta. A daidai wannan lokaci ne kuma tsoron baƙon abinci ke shigowa, ya fi ƙarfi daga shekara 2 zuwa 6. Harshen yara ya fi na manya jin ɗaci, shi ya sa ganye ne abin da suka fara turewa. Akwai gado ma a ciki. Binciken da aka yi a kan tagwaye a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna gado ne ke da kusan kashi 60 cikin ɗari na bambancin zaɓen abinci tsakanin yara 'yan wata 16, kuma kason ya haura 70 daga shekara uku zuwa sama. Wannan bai ce a naɗe hannu ba. Abin da ya ce shi ne a rage zargin uwa da mai raino, domin yara biyu a hannun mutum ɗaya, ɗaya ya ci komai, ɗaya ya yi ta tsirfa.

Abu na biyu da ya kamata duk mai raino ta riƙe shi ne, yaro mai lafiya ya iya auna cikinsa, amma ba a zama ɗaya ba. A 1991 wata mai bincike kan cin abincin yara, Leann Birch, da abokan aikinta suka auna duk abin da yara 15 'yan shekara 2 zuwa 5 suka ci na kwana shida. Daga wannan ci zuwa wancan, bambancin ya kai kusan kashi 34 cikin ɗari. Da aka haɗa na yini guda kuwa, kusan kashi 10 ne kawai. Wanda ya yi loma uku da rana yakan rama da yamma. Don haka kwano ɗaya ba ma'auni ba ne. A duba abin da ya ci a mako, a duba nauyinsa a katin awo, a duba ko yana wasa.

To, ina horon yake? Yana farawa ne daga agogo. Yaron da ya wuce shekara ɗaya yana bukatar babban ci sau uku da ƙaramin ci sau biyu, tazarar awa biyu da rabi zuwa uku a tsakani. A cikin wannan tazara ruwa kawai ake bayarwa. A nan mafi yawan gidajen raino ke faɗuwa. Yaro ya ƙi abincin ƙarfe 12, da ƙarfe 12 da rabi a ji tausayinsa a miƙa masa biskit, da ƙarfe 1 a cika masa kofi da lemo. An koya masa darasi mai kyau: ƙin abinci shi ne hanyar samun zaƙi. Kuma cikinsa, wanda bai fi dunƙulen hannunsa ba sosai, ya riga ya cika kafin ci na gaba. Yunwa ita ce babbar mataimakiyar mai raino, amma sai an bar ta ta zo.

Madara ma tana cikin masu kashe yunwa, ko da yake ba a zarginta. Ɗan shekara 1 zuwa 3 da ke shan fiye da kusan rabin lita a yini ba zai sami wurin abinci ba, kuma madarar shanu ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Sai a shiga zagaye: madara ta hana ci, rashin ci ya kawo ƙarancin jini, ƙarancin jini ya ƙara kashe sha'awar abinci, a sake ƙara madara saboda "ita kaɗai yake karɓa". A ba shi madara a kofi, tare da ci ko bayansa, ba kafinsa ba. Ruwan 'ya'yan itace kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2017 kada a ba wanda bai kai shekara ba, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a yini. Gara a ba shi ɗan itacen kansa ya tauna.

Sai zubin. Ana cika wa yaro kwano irin na babba, ya dubi tulin ya karaya tun bai taɓa ba. Ma'aunin da masu aikin ke farawa da shi shi ne babban cokali ɗaya na kowane nau'i a kan kowace shekara ta yaron. Ɗan shekara uku: cokali uku na shinkafa, uku na wake ko ƙwai ko nama, uku na kayan lambu. Idan ya cinye ya nemi ƙari a ƙara masa. Yaron da ya ce "ƙara mini" ya yi nasara, wanda aka bar shi da rabin tuli ya ji ya gaza, alhali wataƙila abin da suka ci ɗaya ne. A kowane zubi a tabbata akwai abu ɗaya da aka san yana ci, don kada ya tashi da yunwa. Sabon abu kuma a sa shi kaɗan a gefe, kamar girman ƙwayar wake biyu ko uku, kada ya taɓa wanda ya saba. Wasu yaran idan miya ta taɓa abincinsu, an gama magana. A raba musu, babu asara a ciki. Abin da ba a yi shi ne a sake ɗora tukunya domin yaro ɗaya.

Zama ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Yaron da ƙafarsa ke lilo a kan doguwar kujera ba ya natsuwa, hankalinsa yana kan kada ya zame. Ya zauna a miƙe, tafin ƙafarsa a kan wani abu, tebur ya zo masa wajen ciki, ba wajen haɓa ba. A sanar da su minti biyar kafin lokaci, a kwashe kayan wasa, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. A kashe talabijin, a ajiye waya. Dabarar kunna wa yaro bidiyo a riƙa zura masa cokali yana kallo tana cika ciki a yau, amma yaron bai ga abin da ya ci ba, bai ji lokacin da ya ƙoshi ba, kuma gobe ba zai buɗe baki ba sai an kunna. Mai raino ta zauna da su, yara huɗu zuwa shida a gabanta, tana cin abin da suke ci. Tsayuwa a kansu da cokali a hannu kamar mai gadi tana ɗaure musu ciki.

Gidan raino yana da wani makami da gida ba shi da shi, wato sauran yara. A 1980 Birch ta zaunar da yaran da ba sa son wani kayan lambu tare da tsaransu masu son sa. Cikin kwana huɗu da yawansu suka fara zaɓen abin da suka ƙi da farko, kuma ƙananan sun fi saurin kwaikwayo. Saboda haka kuskure ne a tara masu tsirfa a tebur ɗaya don a sa musu ido. A rarraba su cikin masu ci da kyau, a yi shiru, a bar idonsu ya yi aiki.

Ga yadda abin yake a aikace. Yarinya 'yar shekara uku ta ga yankan karas dafaffe a gefen kwanonta, ta ture kwanon, ta ce ba ta so. Mai raino ba ta ɗaga murya ba, ba ta lallashi ba. Ta ce, "Ba sai kin ci ba, bar shi a nan." Ta mayar da kwanon gabanta, ta ɗauki nata karas ɗin ta ci, ta juya tana hira da na kusa. Yarinyar ta cinye shinkafar, ta bar karas. An kwashe, babu sharhi. Bayan kwana biyu ya sake zuwa. A zuwa na huɗu ta murje shi da yatsa. A na shida ta lasa ta yatsine fuska. A na tara ta gutsura ta tofar a cikin ƙyallen da aka ajiye mata domin hakan. Duk waɗannan ci gaba ne, har da tofarwar, domin yaron da ya san yana da ikon fitar da abu daga bakinsa shi ne ke yarda ya saka. Bincike ya nuna sabon abinci yakan bukaci a gabatar da shi sau 8 zuwa 15 kafin a karɓe shi, alhali yawancin manya a karo na uku zuwa na biyar suke yanke hukuncin cewa ba ya so. A riƙa sauya siffa kuma: wanda ya ƙi dafaffe yana iya karɓar gogagge. Sau da yawa ba ɗanɗanon ne matsalar ba, santsi ne ko laushi ko gudaji.

Mun san za a ce mana icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma maƙogwaro ba ya tanƙwaruwa. Ɗura tana da illa uku. Ta farko, yaron da ke kuka yana jan numfashi da ƙarfi, abinci mai ruwa yana iya bin hanyar iska ya sauka huhu, ya jawo ciwon huhu ko abin da ya fi haka muni. Ta biyu, ƙwaƙwalwarsa tana haɗa wannan abinci da tsoro, ƙyamar kuma takan bi mutum har girma. Ta uku, ana koya masa ya daina sauraron cikinsa. Ko matsin baki kawai yana da illa. A wani gwaji da aka wallafa a 2006 a Amurka, an riƙa ce wa yara su gama miyarsu a wasu ranaku, a wasu kuma a ƙyale su. A ranakun da ba a matsa musu ba ne cinsu ya fi ƙaruwa, a ranakun da aka matsa kuma suka fi kushe miyar. Haka nan tsoratarwa da dodo ko allura, da kunyata yaro a gaban tsaransa, da cewa "dubi wane ya cinye nasa".

Cin hanci da alawa shi ma baya yake mayar da aiki. Idan aka ce "cinye ganyen in ba ka alawa", an gaya masa ganye wahala ce, alawa kuma lada. Darajar alawa ta hau, ta ganye ta sauka. In akwai ɗan abin zaƙi a tsarin ranar, a ba kowa daidai, wanda ya ci da wanda bai ci ba. Ladan da ba na ci ba, kamar ɗan tambarin da ake mannawa a littafi, bincike a Landan a 2011 ya nuna yana taimakawa, amma a kan ɗanɗanawa ake bayar da shi, ba a kan cinyewa ba. Yabo ma a yi shi a taƙaice: "Na ga ka taɓa shi yau." Tafi da shewa suna mayar da ci wasan kwaikwayo.

Dokokin zama kuwa, a tsaya a kansu kyam, kuma su zama kaɗan yadda ɗan shekara biyu zai riƙe: a zaune ake ci, ba a jifa da abinci, ba a sa hannu a kwanon wani. Wanda ya yi jifa a gaya masa sau ɗaya, da murya a kwance, cewa abinci a kwano yake zama. Ya sake, a ɗauke kwanon, a ce "Na ga ka gama," a goge masa hannu. Ba duka, ba doguwar nasiha. Zai yi kuka ranar farko da ta biyu, ya jira ci na gaba, wanda bai wuce awa uku ba. Wanda ya tashi yawo, abinci ba ya bin sa. A bambanta jifa da ɓarnar koyo: ɗan wata 15 da ke damƙar abinci yana shafa wa fuska koyo yake yi, a shimfiɗa leda a ƙyale shi. Tsawon zama minti 20 ne zuwa 30. Bayan haka babu abin da ke ƙaruwa sai gaba. Hukuncin nan na ajiye kwanon a sake kawo masa shi da yamma har sai ya cinye a daina shi: ban da wulaƙanci, dafaffen abinci da ya wuce awa biyu a waje ya fara zama haɗari. Kuma kada a taɓa hana yaro abinci saboda laifin da ya yi a wajen wasa.

Dokar zama tana da wani dalili da ya fi ladabi, wato shaƙewa. Hanyar iskar ƙaramin yaro siririya ce, kuma taunarsa ba ta gama ƙwarewa ba. Kada a ba wanda bai kai shekara biyar ba gyaɗa ko makamantanta ɗungurungum, ko alawa mai tauri. Inabi da duk wani abu mai siffar ƙwallo a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Ɗanyen karas a goge shi ko a dafa. A cire ƙaya da ƙashi. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Mai raino ta zauna tana fuskantar yaran, domin kakari yana da ƙara, fuska ta yi ja, yaron ya turo abin da kansa, amma shaƙewa ta gaske shiru take zuwa: ba tari, ba kuka, leɓe ya fara sauya launi. Mai tari a bar shi ya yi tarinsa. Wanda ya yi shiru a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafin hannu, in bai fito ba a matsa saman cikinsa ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo taimako. Jaririn da bai kai shekara ba ƙirji ake danna masa, ba ciki ba. Kada a zura yatsa ana lalube, yana tura abin ƙasa. Wannan ba a koyon sa daga jarida. Ba a fafe gora ranar tafiya, kowane ɗakin cin abinci ya kamata ya kasance da wadda ta yi horon agajin gaggawa da hannunta.

Duk abin da muka faɗa a kan yaro mai lafiya ne. Akwai wanda ƙin cinsa ba tsirfa ba ce, kuma cewa "in yunwa ta kama shi zai ci" zalunci ne a kansa. A tura iyaye wajen likita idan nauyi ya tsaya ko yana raguwa, idan yana tari ko ƙwarewa duk lokacin haɗiya, idan amai ko gudawa sun yawaita, idan tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ko yana cin ƙasa. Taurin bayan gida, ruɓewar haƙori, gyambon baki da tsutsar ciki duk suna kashe ci, kuma suna da magani. Yaron da abincinsa bai kai iri 20 ba kuma suna ta raguwa, ko wanda warin abinci kawai ke sa shi kakari, yana bukatar ƙwararre. Tun 2013 likitoci suka ware wannan a matsayin lalura mai zaman kanta, kuma an fi ganinta a yara masu otizim, wato lalurar da ke shafar magana da cuɗanyar yaro da mutane. Daga wata 6 zuwa 59, damtsen da kewayensa bai kai santimita 12.5 ba alamar tamowa ce, ƙasa da 11.5 kuma mai tsanani. Idan kuwa leɓe ko fuska suka kumbura, ko ƙuraje suka feso, ko numfashi ya sauya bayan wani abinci, wannan na gaggawa ne, kuma sunan yaron da abin da jikinsa ba ya karɓa ya kasance a rubuce inda mai zuba abinci za ta gani.

Ga iyaye kuma, roƙonmu shi ne ku sauya tambayar da kuke yi a bakin ƙofa. "Ya cinye?" ita ce ke tura mai raino ga ɗura, ko ga juye saura a shara ta ce ya cinye. Ku tambaya me aka ba shi, da ƙarfe nawa, me ya taɓa. Gidan raino ya riƙe takarda mai layi huɗu a kan kowane yaro: lokaci, abin da aka zuba, kimanin abin da ya ci, da madarar da ya sha, a duba ta tare da iyaye duk mako biyu. Idan kun zo ɗaukarsa kuka ji bai ci da rana ba, kada a tsaya saya masa kayan maƙulashe a hanya. A kai shi gida a matso da abincin yamma da rabin awa, a zuba masa kaɗan, da abu ɗaya da ya saba a ciki.

Wassalam.

Daga wasu masu rainon yara da ma'aikatan kula da abincin yara.